Injiniyan Waya a Bani Malik

Tun ranar da na sayi wata 'yar na'ura mai suna ELM327, wadda ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta riƙa aiko da bayani a waya, na daina gaida kanikawa da hannu biyu. A majalisarmu ta Takari a Jidda har laƙabin Injiniya aka sa mini, ni kuwa na amsa ba kunya.

Sai Hilux ɗina mai shan gas ta tashi gwada ilimin. Wutar gargaɗin inji ta kama a gaban mota, in na taka totur sai ta yi nishi, tana tafe tana tuttulo baƙin hayaƙi. Na soka na'ura, ta nuna P0101. Na bincika, aka ce lambar ta shafi sensar da ke auna iskar da ke shiga inji. Shi ke nan, na yanke mata hukuncin mutuwa.

Na nufi Bani Malik, inda shagunan kayan mota ke jere ta wajen Titin Falasɗinu, na sayi sabuwa. Mai shago ya ce in kawo motar a duba tukuna. Na ɗaga masa waya, na nuna lamba, irin nunin da likita ke wa majinyaci. Na ɗaura da kaina, na goge lambar, na kama Titin Sittin ina fito. Ban kai gida ba wutar ta dawo.

Da la'asar na lallaɓa garejin wani dattijon bakanike, mutumin Maraɗi, ta bayan layi don kada 'yan majalisa su gan ni. Ina ta zuba masa bayanin kwamfuta, shi kuwa ya buɗe bonet, ya bi ƙaton tiyon da ya tashi daga tukunyar matatar iska zuwa tabo yana latsawa da yatsa. Can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, zafi ya busar da robar ta tsage, har babban yatsansa ya shige.

"Alhaji, sensa ɗan aike ce," in ji shi. "Iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ba ta biyo ta gabanta ba. Ta gaya wa kwamfuta abin da ta gani, lissafi ya ƙi daidaita, kai kuma ka kore ta daga aiki."

Na ce, "Baba, ai na yi zargin haka."

Bai ko ɗago kai ba. Ya canja tiyo, ya ce in miƙo tsohuwar sensar, ya fesa mata mai wankewa, ya mayar da ita mazauninta. Mota ta tashi lafiya lau, hayaƙi ya ɗauke.

Na koma shago da sabuwar, aka ce kayan wuta in an ɗaura ba a mayarwa. Don haka, jama'a, duk mai Hilux da ke neman sensar iska, ina da ita a kwalinta. Zan yi ragi, amma a fara duba tiyo.