Gurara a Bayan Ƙeya

Duk wanda ya ce maka zai je Gurara kallon ruwa, kada ka musa masa, amma ƙeyarsa ce za ta sha kallo. Mutum ya taso daga Abuja, ya wuce Suleja, ya kama hanyar Minna, ya gangara cikin kurmi. Ga ruwa yana zubowa daga dutse mai tsayin kusan mita 30, sai gogan naka ya juya masa baya, ya ɗaga waya yana yaƙe haƙora.

Shi ma ruwan ba ya ba da haɗin kai. A watan Agusta ya cika ya batse, ya yi kalar kunun kanwa, feshinsa ya jiƙa idon kyamara kafin ka danna. Ƙara kuwa, kana ihun "Malam, ja da baya!" mai ɗaukar hoton yana jin "ya yi daidai". A Fabrairu ruwan garau yake, sai dai ya rame, ka koma gida kana rantsuwa wallahi nan ne wurin.

Abin tausayi shi ne mai farar shadda da takalmi sau-ciki. Ga gansakuka a kan dutse, ga santsi, hannu ɗaya dafe da hula, ɗaya riƙe da waya, babu na kama reshe. Cikin tulin hotunansa ɗaya tak ya fito, shi ma wani yaro ya gifta da rake a baki. Shi aka ɗora a WhatsApp bayan an yanke yaron, tare da rabin ruwan.