Gwanayen Ruwa a Ƙasar Auduga

Daga Funtuwa zuwa teku tafiyar yini guda ce cur a mota, amma hakan bai hana mu samun gwanayen ruwa ba. Ga dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye, ga na Malumfashi, ga ramukan da masu aikin titi suka ɗebi ƙasa suka bar wa damina. Kogin Sakkwato ma daga wajen Funtuwa yake tasowa, sai dai a nan bai yi gemu ba tukuna. Da an shiga Agusta sabbin masu iyo suke fitowa, kuma tun daga inda mutum ya tsaya zai tuɓe riga ake gane ko wane iri ne.

Wanda ya fi kowa kwarjini shi ne mai takarda. Karatu aka tura shi Masar, da hutu ya zarce Dahab a bakin Bahar Maliya, ya yi 'yan kwanaki ana koya masa nutso da tukunyar iska a baya. Ya dawo da katin PADI, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1966, wanda ya halatta masa sauka mita 18 tare da abokin nutso. Katin yana cikin walat, gaba da katin zaɓe. A can, mutum kan taka daga gaɓa ya shiga ruwan da ake hango ƙasansa. A nan, in ruwan gonakin masara ya gangaro da jar laka, ko tafin hannunka ba ka gani. Ga rashin abokin nutso, ga rashin inda za a cika tukunya. Mai faci na bakin tasha ya ce, "Yallaɓai, kawo mu ɗura maka, ai iska iska ce." Allah Ya taimake shi ya tuna cewa iskar injin faci haɗe take da mai da hayaƙi. Ya kuma tuna an ce musu wurin da ya haura mita 300 bisa teku lissafin nutsonsa daban ne, Funtuwa kuwa ta ninka haka. Don haka yakan zo da tabaran ruwa da takalmin agwagwa, ya zagaya dam, ya girgiza kai, ya ce ruwan bai kai matsayinsa ba. Yara dai sun sa masa suna Kwaɗon Masar.

Sai mai tsalle. Shi tudu yake nema: gada, dutse, reshen da ya leƙa ruwa. Ba ya tambayar zurfi, tambayarsa ɗaya ce, "Ka kunna bidiyon?" Ya manta cewa inda ya yi tsalle bara da kaka, bana masu noman rani sun zuƙe rabin ruwan da injin ban-ruwa, kututturen da ke ƙasa ya matso kusa da sama yana jiran baƙo. Tsofaffi sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, shi kuwa a nan ya daina sauraron karin maganar.

Akwai mai bin taro, wanda hujjarsa ita ce ga yara can suna wanka. Kududdufin bayan gari yake shiga, inda ruwa ke kwance da kainuwa da katantanwa. Ba ya nutsewa. Bayan wasu makonni ne zai ga jini a fitsari, ya ce sammu aka yi masa, alhali tsargiya ce, kuma ƙwayar maganinta tana asibiti.

Mai laya ya fi ban sha'awa, domin shi yana da tsoro, sai dai ya ajiye shi inda ba nan ba. Ba ya kusantar gindin tsamiya da tsakar rana, kuma ya haddace duk gurbin da aka ce mutanen ruwa na zaune. In ya gama kauce musu, sai ya ɗaura kambunsa a damtse ya shiga daidai inda bututun dam ke jan ruwa, ko inda masunta suka kwantar da kalli da mamari. Ban ce babu aljanu ba. Na ce zaren kalli, in ya naɗe ƙafa, ba ya tambayar wane malami ne ya rubuta layar.

Ɗan Argungu kuwa sau ɗaya ya je kallon bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda ake yi tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ya sayo gora da homa. Tun daga ranar kowane ruwa ya yi masa kaɗan, kuma har yau goran bai jiƙe ba.

Shi ne aminin sarkin gaɓa, mai gadin riguna da wayoyi. Sarkin gaɓa ya san komai. "Kai, ba haka ake buga ƙafa ba! Yi dama!" Ya koyar da rabin unguwa iyo da baki. Ranar da aka ture shi cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, sai da ya yi kalmar shahada.

A gefe, in ka lura, akwai dattijo mai gajeren wando da ƙugiya da igiya, wanda ake kira idan guga ya tsinke ko za a yashe rijiya. Ba shi da kati. Kafin ya sauka tsohuwar rijiya sai ya zura fitila, in ta mutu ya fasa, kuma ba ya yarda a tayar da inji a ciki, ya san hayaƙin na kisa. A bakin dam ma haka yake. Zai gaida masunta, ya tambayi inda suka sa kaya. Zai soka gora ya ji ko yashi ne ko taɓo. Zai duba ta inda zai fito kafin ta inda zai shiga, tunda iya ruwa fidda kai ne, sannan ya damƙa igiya a hannun wanda ya yarda da shi. Abin mamaki, rabin wannan yana cikin littafin da aka ba mai takarda a Dahab.

Sun taɓa haɗuwa, ranar da injin wani manomin tumatir ya zame cikin ruwa. Mai takarda ya zaro katinsa. Dattijo ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya ce, "Madalla, ɗan nan, Allah Ya sa albarka. To riƙe mini igiyar nan, kada ka saki."