Wai Malamar Lissafi Ta Zo da Tsintsiya

Na ji ku, jama'ar majalisa. Tun da aka kawo sabuwar malama firamaren unguwarmu kuke ta gunaguni: yarinya ce, jiya-jiya ta gama NCE, ba ta riƙe bulala, kuma wai ta mayar da aji kasuwa, ga mudu, ga murafun kwalba, ga tsinken tsintsiya. Baba Alhaji har da cewa a zamaninsu bulala ce ke buɗe kai. To Baba, Allah ya ƙara girma, ku da kuka sha bulalar kuna rera biyu sau biyu huɗu kamar waƙar biki, ina sakamakon? Gawayi dai mun ga ya ƙone ƙurmus, ƙirar ce har yau muke jira. Kada ku sa in tono takardun WAEC ɗin da aka ɓoye a ƙasan adaka, masu F9 a gaban lissafi.

Bari in ba ku abin da ya faru a ajin. Ta ba wani yaro 52 a debe 38, ya rubuta 26. Da ku ne, sai a ja jan biro, a ce ba shi da kan lissafi, a tura shi bencin baya. Ita kuwa tambayarsa ta yi, ta yaya ka samo wannan amsar? Ashe duk inda ya ga lamba biyu, ƙaramar yake cirewa daga babbar: uku daga biyar, biyu daga takwas. Yaron yana da dabararsa, dabarar ce ke da gyara. Sai ta ba shi ɗauri biyar na tsinke goma-goma da guda biyu a warware, ta ce cire takwas. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya kwance ɗauri ɗaya. Abin da kuka yi shekaru kuna kira aro ba ku san daga wa ake ara ba, ga shi a hannunsa. Ya samu 14. Kuma wannan yaron, da yamma gyaɗa yake sayarwa a bakin tasha, bai taɓa kuskuren canji ba. Ku gwada cutarsa da naira goma ku gani.

Na san za ku ce wannan tafiya ta yi sanyi, manhaja na jira. Gaskiya ne, takan raba ajin gwargwadon inda kowa ya tsaya, mai fama da tarawa ba ta ja shi zuwa rabawa don kawai littafi ya kai shafin. Da can an gama manhaja duk zango, yaran ne dai aka bari a hanya.

Wasu kuma sun ce ai lissafi kayan Turawa ne, jininmu bai karɓe shi ba. Haba malamai! A zo rabon gado a gan ku. Mutumin da ya rantse bai san kashi-kashi ba, shi ne zai fara tuna wa alƙali cewa sumuni ne rabon matar mamaci in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa takwas, ko ƙwandala ba za a ƙara mata ba. Zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, wannan ce kaɗai ke ɗan rikita ku, mun kuma san dalili. Sannan Katsina ta fitar da Muhammadu ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Shi ma Bature ne?

To ga aikin gida, tunda kun fi malamar sani. Ku zana gida tara, uku-uku, ku zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye, a kwance da a karkace, zai ba da 15. Ban da waya. 'Yan aji biyar sun yi shi ranar Alhamis da murafun kwalba. Wanda ya kasa a cikinku ya zo da tabarmarsa ranar Litinin, akwai wuri a gaban allo, kuma malama ba ta duka.