Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Baba Lista, injin niƙa

Ranka ya daɗe Baba,

Da fatan yau ka tashi ba sai da ƙarti biyu suka jiƙe da gumi wajen juya hannunka ba. Na rubuto ne a madadin masu jera kwanuka da buhuna a ƙofarka, daga Batsari har Ruma, daga Safana har Runka, wato duk gidan da tuwon darensa ke rataye a wuyanka. Ƙorafi muka kawo, kuma ba kan ƙararka ba ne. Ita mun saba, akwai jariran da ba sa barci in ba su ji ta ba. Haƙurinka ne ya ishe mu.

Mun san kai ɗan babban gida ne. Rudolf Diesel, Bajamushe, ya ga injinsa ya yi aiki a 1897. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya ƙera irinka shekaru da dama kafin ya daina a 1987, maƙeran Rajkot na Indiya suka ɗora daga nan, shi ya sa da yawanku haihuwar Indiya ne masu amsa sunan Ingila. An ma taɓa tayar da wani danginku da man gyaɗa maimakon gas a baje kolin birnin Faris a 1900, amma wannan ka bar shi tsakaninmu, kada masu ƙuli-ƙuli su ji su ce ka shigo musu sana'a.

To ɗan babban gida, yaushe rabonka da juye?

Waɗanda suka ƙera ka sun ce a zubar da baƙin manka a zuba sabo bayan aikin awa 250 ko kusa da haka. Injin da ke niƙa awa shida kullum zai cika wannan cikin mako shida. Mai gidanka kuwa ciko ya sani. Zai zaro geji, ya dangwalo man, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga kai sama kamar mai duban wata, ya ce, "Da sauran danƙonsa." Sai ya tsiyaya maka rabin kwalba a kan na bara, kai kuma ka karɓa ka ci gaba da tum-tum-tum ba ko tari.

Ai kai ka fi kowa sanin abin da ke cikinka. Aikin man nan ba santsi kaɗai ba ne, shi ke kwashe zafi, shi ke ɗauke dattin da ke taruwa: baƙin hayaƙin gas, da ɓurɓushin ƙarfen da ke gogewa, da ƙurar hunturu, da garin dawa da na rogo da kake shaƙa wuni guda. Da yawanku ko filta ba ku da ita, dattin na nan yana zagaye yana cin ringi da fistin. Yatsa ba ya jin tsamin da ke taruwa a tsohon mai yana cin ƙarfe ko kana kwance. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ranar da ringinka suka saki, gas ya riƙa zurarewa cikin man yana tsinka shi. Geji sai ya nuna mai bai ragu ba, wani lokaci ma ya ƙaru, mai gida ya fita majalisa yana alfahari injinsa ba ya shan mai. Ana ta sa maka albarka, kai kuwa ciwon ajali ne ke cinka.

Ba zan ɗora wa bawan Allah laifin duka ba. Gas ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, galan ɗin mai na kirki ya bi sahu. Kafin nan, a 2021, lokacin da gwamnatin Gwamna Masari na Katsina ta hana sayar da mai a jarka aka kuma katse layukan waya a yankinmu saboda ɓarayin Dajin Rugu, ko kiran bakanike sai da ya zama tafiya. Wanda ya ga wannan zamani ba ya zubar da abin da ke da sauran danƙo. Sai dai man kwalba na bakin titi, wanda ba a san daga wace durom ya fito ba, sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo.

Bari in ba ka labarin 'yan uwanka na Turai, ko zuciyarka za ta motsa. Akwai ƙananan injina irin su Yanmar a cikin jiragen ruwan shaƙatawa masu tafiya da iska. Aikinsu su fitar da jirgi daga tasha su mayar da shi, saura iska ke yi. Duk da haka kowace shekara sai an yi musu juye, ko awoyin ba su cika ba. Ga shi babu wurin tara kwano a ƙarƙashinsu, sai an ɗumama su man ya saki jiki, a zura siririn tiyo ta ramin geji a zuƙe shi da ɗan famfo, a sake filta, a kai tsohon man inda ake tara shi. Kai da noti ɗaya ne a gindinka, sifana ɗaya ta ishe shi, kana ciyar da unguwa guda, ba ka samu ko rabin wannan gata ba. In ma an yi maka juyen, tsohon man a jikin azara yake ƙarewa don gara, ko a shafa wa akuya mai ƙazuwa, ko a tuttular kusa da rijiya, alhali guba ne.

Saboda haka muna roƙonka ka koyi yajin aiki. Da awoyinka sun cika, ka ƙi tashi, a juya hannu har a gaji. Asarar wuni guda ce da kuɗin galan. Abin da kake yi yanzu shi ne ka daure, ka yi shuɗin hayaƙi ba wanda ya kula, sannan rana tsaka ka buga, a kwance kiranshaf a tafi da shi Katsina ko Kano, iyayenmu mata su koma turmi na mako biyu.

In kuma taurin kan tsufa ya hana ka, to ka riƙa duba kalanda kafin ka buga. Ban da Alhamis, ranar kasuwar Batsari. Ban da jajibirin Sallah, da duk makon da aka sa ranar biki a unguwa.

Naka mai biyayya,
Wani mai tiya biyar ta masara a layi