Jama'ar da Kan Taru Ranar Tuyar Gara

A cikin birnin Zariya, musamman wajenmu nan Ƙofar Galadima, inda gidaje suke manne da juna har hayaƙin murhun wani ya kan zama labari a gidan maƙwabcinsa, babu shelar da ta kai ƙamshin man gyaɗa saurin tara jama'a. Domin da zarar an ɓarza alkama, an kwaɓa, ta kwana ta tashi, aka ɗora kasko don tuyar alkakin garar wata yarinya, sai mata su yi ta sallama ɗaya bayan ɗaya, kowace da mayafinta da hujjarta, alhali kuwa masu aikin na haƙiƙa, waɗanda za su kirɓa, su naɗa, su soya, su tsoma a zuma, ba su kan wuce yatsun hannu ɗaya ba. A 'yan shekarun nan kuma 'yan matan da suka yi karatu a Kongo da Samaru sun ƙaro wata mas'ala a kan alkaki da nakiya da dubulan, wato kek, har da irin wanda ake jiƙa ganyen shayi a madara mai zafi a kwaɓa shi da ita, a barbaɗa busasshen furen lafinta, sa'an nan a buga bota da zuma a shafe samansa. Wannan ya buɗe wa ma'abota surutu babin da ba su taɓa tsammani ba.

Shugabar wannan majalisa, wadda ba a yin tuya sai da ita ko da ba a aika mata ba, ita ce Muftiyar madafa. Tun da hantsi take isowa, ta zaɓi kujerar da ta fi nisa da hayaƙi kuma ta fi kusa da daron da ake tsamewa, ta zauna da carbi a hannu, ta fara ba da fatawa tun ba a tambaye ta ba. Babu mahalukin da ya taɓa ganin ta riƙe matsami, amma isnadinta ba ya yankewa: daga gwaggonta ta ji, ita kuma daga kakarta, wadda aka ce ita ke yi wa wani gidan sarauta alkaki, ko da yake sunan gidan ya kan sauya daga biki zuwa biki. Da ido take gane an cika kanwa. Alkamar Kadawa, a mazhabarta, ba ta kama ƙafar ta fadamun da ba. Zumar kwalba kuwa ba ta karɓar shaidarta sai an kawo mata wanda ya hau bishiya ya sauke amyar da hannunsa. In ta tambayi kuɗin mudu aka faɗa mata, sai ta yi salati mai tsawo, ta ambaci yadda take sayensa da sule da sisi, kamar ba tun 1973 aka sallami fam aka kawo naira ba.

Amma ranar da ta yi arba da kek ɗin shayi ce iliminta ya bayyana gaba ɗaya. Ta shinshina kwaɓin, ta ɗaga kai, ta ce, "Ke 'yar nan, lafinta dai da muka sani, ta kwalba, wadda ake sayowa a kantunan Sabon Gari a zuba a lefe? Yanzu turare za ku ciyar da surukai?" Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ai fure ne, a kudancin Faransa gonaki guda ake nomansa, daga jikinsa ake tatso man turaren; ɗan kaɗan ake sawa, don in ya yi yawa sai kek ya yi ɗanɗanon sabulu." Muftiya ta juyo ta dube mu, irin duban alƙalin da wanda ake ƙara ya yi iƙirari a gabansa, ta ce, "To, kun ji da bakinta." Batun shayi ma ba ta ƙyale ba, domin a wurinta abin da Allah ya halitta don kofi, zuba shi a kwaɓi bidi'a ce, kuma bayanin da aka yi mata cewa har a tsaunin Mambila ana noman ganyen bai rage kome daga hukuncin ba. Da aka sauke, ta nemi a gutsuro mata don ta san haƙiƙanin abin da take hanawa; ta yi bincike a yanka na farko, ta yi tahƙiƙi a na biyu, kafin na uku ya ƙare hukunci ya sauko daga haramci zuwa karahiya, ta kuma ƙulle na huɗu a gefen mayafi wai za ta kai wa Malam ya duba. In abu ya yi kyau, shawararta aka bi. In ya ɓaci, dama ta faɗa. Duk da haka, in ta yi rashin lafiya ba ta zo ba, sai tuyar ta yi shiru har a rasa abin da ya ɓace.

Ƙanwarta a sana'a ita ce mai buɗe murfi. Kowa ya san in an shimfiɗa yashi a tukunya, an jera gwangwanaye, an ɗora garwashi a bisa, ba a taɓawa sai ƙamshi ya yi kira. Ita kuwa sai ta leƙa "don kada ya ƙone," kek ya faɗa ya yi kwari a tsakiya, ta ce ƙwan ne ba na gida ba.

Akwai Hajiya mai ciwon sukari, wadda likita a Shika ya hana ta zaƙi, take kuma sanar da kowa haka tun daga zaure, amma ta yi ijtihadi ta fitar da zuma daga cikin hanin, bisa dalilin cewa waraka ce, har sura guda aka sa wa sunan ƙudanta. Alkakin da ke cikin zumar kuwa ya shiga a matsayin mabiyi. Akwai mai waya, wadda ba ta soya kome ba amma kafin la'asar duniya ta ga hoton daron a hannunta. Akwai mai aiko yaro da kwano a sammata sukari, kwanon kuwa ya isa mudu. Akwai makararriya, wadda lissafinta ya fi na masu duban wata, ba ta shigowa sai an sauke kasko na ƙarshe, ta tafa hannu ta ce, "Af, Yaya, har kun gama ba ku jira ni ba?" Maigida ma yana zaure, ya ce shi ba ruwansa da sha'anin mata, sai dai ya kan turo yaro lokaci lokaci a kawo ya sa albarka.

Sa'an nan akwai muƙami mai nauyi wanda jama'a suka ɗora wa mai wannan rubutu, na tantance karyayyen alkaki, tun da ƙa'ida ce karyayye ba ya shiga gara, a nan ake cinye shi. Aiki ne mai bukatar adalci da taka tsantsan, kuma ba laifin alƙaliya ba ne in wani alkakin ya zo gabanta lafiya ƙalau, ya karye a lokacin bincike.

Duk waɗannan ana dariya da su a tashi. Wadda ba na yi wa dariya ita ce mai ƙidaya. Ba ta fatawa, ba ta roƙo, sau da yawa ma ba ta ci. Ta kan zauna a gefe tana yabo, "Ma sha Allahu, Inna, kun yi ƙoƙari," alhali idonta yana auna kwalla nawa aka cika, jarkar mai nawa ke jingine, buhun shinkafar babba ne ko rabi. Kafin a ɗauki gara ta riga ta isa gidan ango da rahoto, ta kwatanta da ta 'yar wane da aka kai da mota, ta ce zumar ma da sukari aka haɗa. Ta sani sarai gara al'ada ce, shari'a ba ta wajabta wa uban yarinya ƙwayar shinkafa ba, ta kuma san akwai uwar da ta sayar da akuyarta, da uban da ya ci bashin da zai shekara yana biya, don kawai a rufa wa 'yarsu asiri a gidan da ba ta saba ba. Amma da kalma biyu za ta sa amarya ta fara zaman aure da gori a kanta. Wannan annamimanci ne tsantsa, kome ta lulluɓe shi da salati. Shi ya sa duk ranar da ta halarta, kotuna ba ta samun karyayye ko ɗaya: abin da ya bi ta hannuna duka lafiyayye ne, kwalla yake shiga, in rufe, in zauna a kan murfin har ta tashi.