Ijtihadin Jahili a Bayan Kwamfuta

A shekarar 2023, bayan da sojoji suka karɓe mulki a Yamai ranar 26 ga watan Yuli, aka kuma garƙame iyakar Najeriya da Nijar a watan Agusta, mu mutanen Kusa da kewayen Jibiya, waɗanda tun kaka da kakanni abincinmu yake rataye da hanyar da ta bi ta Magama ta faɗa Ɗan Isa har Maraɗi, sai muka wayi gari kamar kifin da tafki ya janye ya bari a taɓo. Dattawa suka koma gindin bedi suna jan carbi, samari kuwa, da yake ba su da carbi kuma ba su da haƙuri, suka koma zaman kashe wando. Cikinsu har da ɗan ƙanwata, wanda a da babur ɗinsa ba ya hucewa tsakanin asuba da isha'i.

Shi ne ya same ni wata rana bayan la'asar, ya durƙusa da ladabin da ban taɓa gani a gare shi ba sai ranar da yake da bukata, ya ce, "Kawu, da za a saya mini kwamfuta ta girke, da rana mu buga wa mutane takardu, mu koya wa ɗalibai yadda ake jarrabawar JAMB, da dare kuma yara su biya su buga ƙwallo." Na kwana uku ina juya mas'alar, ina auna hukuncin wasa da sharholiya, har daga bisani na rinjayar da cewa zaman banza ya fi ƙwallon allo ɓarna. Ranar Lahadi na kora bijimina kasuwar Jibiya, na dawo da igiya a hannu da kuɗi a aljihu.

Muka bi ta Katsina muka sauka Kano, yaron ya ja ni har Titin Beirut, inda wani mai shago ya jera mana na'urori uku kamar 'yan matan da aka fito da su zance. Ta farko 'yar ofis ce, siririya, mai araha, amma ba ta da katin hoto. Ta ƙarshe kuwa, subhanallahi, gefenta gilashi ne, cikinta fitilu ja da kore da shuɗi suna kewayawa kamar motar amarya. Da na ji cewa katinta, RTX 4090, shi kaɗai yana shan wat 450, kuɗinta kuma ya isa garke, sai na nemi tsari daga israfi, ko da yake idona bai daina komawa gare ta ba.

Ni dai abin da na sani na ciniki shi ne a buɗe bakin dabba a ga haƙora, a matsa gadon baya a ji nama, don haka na ɗaga ta tsakiyar na ji nauyi, na ƙwanƙwasa cikinta. Mai shago ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ba nan ake dubawa ba." Sa'an nan ya yi mini karatu, ya ce rukunan kwamfutar wasa huɗu ne: firosesa, wadda ita ce kwanya, wannan Core i5 ce, sai ram, wato faɗin tabarmar da take baza aikinta, gigabait 16, sai ma'ajiya irin ta SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa, saboda haka ba ta nawa, sai kuma limaminsu duka, katin hoto, wanda shi ke zana 'yan wasa da ciyawa da inuwa sau sittin a cikin daƙiƙa guda, nata GTX 1660 Super ne mai gigabait 6. 'Yar Amurka ce, an ɗan mora. Da yake tun muna zaure malamai suke faɗa mana cewa alheri yana ga tsaka-tsaki, tsakanin rowa da almubazzaranci, sai na ce ita za a ɗaure mana.

Ba zan tsawaita da labarin hanya ba, illa in ce duk shingen da muka tsaya sai an tambayi abin da ke cikin kwali, ni kuma in amsa da cewa kwamfuta ce ta tsaka-tsaki, kamar wanda aka tambaye shi mazhabarsa.

Kashegari yaron ya tafi Katsina sayo fad, wato abin da ake riƙewa a buga wasa, ya roƙe ni in jira shi. Amma da yake yaran unguwa sun cika ƙofar shago, girma kuma ya hau mini kai, sai na ɗauki wayar HDMI na leƙa bayan na'urar, na ga ramuka biyu masu kama da juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na yi ƙiyasi cewa na sama ya fi daraja, na cusa. Allo ya kawo, yara suka yi kabbara. Da yaron ya dawo da dare aka sa ƙwallo, sai ga 'yan wasa suna tafiya kamar jakan da aka labta wa buhun gero a cikin rairayin gulbi: ɗan wasa ya ɗaga ƙafa, ka je ka yi alwala ka dawo bai sauke ba. Yaron ya ce in bari gari ya waye ya duba, na ce babu abin dubawa, an sayar mana da gurguwa.

A daren nan na jawo Risala na buɗe babin ciniki, na sabunta karatuna a kan haƙƙin mai saye na mayar da haja idan aibi ya bayyana. Da asuba na saɓi kwali ni kaɗai, na sake ratsa shingayen nan duka, na isa Kano da azahar, hujjojina a jere kamar mai zuwa gaban alƙali. Mai shago ya saurare ni har na dasa aya, sa'an nan ya kira wani yaronsa da bai fi shekara goma sha biyu ba, ya ce, "Baba, nuna masa inda ka sa wayar." Na nuna. Yaron ya cusa ta a ramin ƙasa, tazarar da ba ta kai taƙi guda ba, sai ga 'yan wasa suna sheƙa gudu kamar barewa. Ashe ramin sama na uwar allon na'urar ne, mai ɗan ƙaramin ƙarfin zane da ya isa buga wasiƙa. Katin da na sayar da bijimi dominsa yana ƙasa, yana zaune kamar baƙon da aka gayyato walima aka manta da shi a zaure. Na ba yaron kuɗin shayi, ban ƙara ambaton Risala ba.

Mai hankali da wannan ya ishe shi wa'azi. To, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace lita da ƙaramar janaretarmu ta sha sai na ji ta a ƙirjina, kuma wutar gwamnati a wajenmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Wata ranar Alhamis ina share wa na'urar ƙura, sai na lura da wani ɗan jan maɓalli kusa da inda wayar wuta ke shiga, an liƙe shi da salatif, an rubuta 230 a kansa. Na ɓare salatif na tura shi gefe, sai ga 115. Nan take na ji wani haske ya sauko mini a zuciya, na ce lalle wannan shi ne sirrin da 'yan kasuwa ke ɓoye wa talaka: 115 rabin 230 ne, rabin wuta kuwa rabin mai ne. Na yi hamdala, na tayar da janareta, na kunna.

Ƙarar da ta biyo baya, ga wanda ya san halin da ƙasarmu take ciki, ba abin wasa ba ce. Mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya bar tukunya ya tsallake kwata, kaji suka watse, uwargida ta fito da muciya a hannu tana salati, ta tarar da ni tsaye cikin hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba, hulata a ƙasa. Ta dube ni ta dubi na'urar, ta ce, "Malam, wannan ma a Risalar yake?"

Da ɗan ƙanwata ya zo ya yi mini bayani, muryarsa na rawa tsakanin kuka da dariya: wutar gidaje a Amurka wajen bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma aikin maɓallin shi ne ya gaya wa akwatin wutar na'urar ƙasar da take. Idan aka sa shi a 115, ninka abin da ya shigo yake yi. Wato na ɗauki wutar Najeriya na ninka ta biyu na ɗura wa baiwar Allah. Cikin rahamar Ubangiji akwatin wutar kaɗai ya yi shahada, katin hoto da sauran rukunai suka tsira. Tunkiyar uwargida ce ta biya diyya, kuma har gobe ana tuna mini.

Wannan karon yaron bai yarda na bi shi Kano ba. Ya dawo da sabon akwati mai wat 550, irin na zamani da ke gane wutar kowace ƙasa da kansa, ya juya mini bayansa ya ce, "Duba, Kawu, wannan ba shi da jan maɓalli ko ɗaya." A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka, motoci suka koma bin hanyar Maraɗi, shagonmu kuma yana nan yana ci, yara na buga ƙwallo har a kira isha'i. Ni kuwa an ajiye mini kujera a bakin ƙofa, ina karɓar kuɗi ina ba da canji, domin ijma'in gidanmu ya tabbata a kan cewa ƙofar Magama ta buɗe, amma ƙofar ijtihadi, a bayan kwamfuta dai, ta rufe.