Wasiƙa daga Marsey: Kainuwa a Gaban Ƴan Duwan

Zuwa ga Kawu da dukan mutanen gida a Korahane.

Ga bayani game da kainuwar da samari ke shirin aikowa Faransa. Gaskiya ne Turawa na kiwon ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi a ɗaki, kifayen da ba a soyawa, sai dai a zauna a yi ta kallonsu. Gaskiya ne kuma suna sayen ciyawar ruwa don ƙawata akwatin, har kainuwar da jaki ke tattakewa a bakin tabki ta taɓa yin farashi a kantunansu. Amma kafin a fara lissafin buhuna, akwai shingaye uku.

Na farko takarda ce. Tun ranar 14 ga Disamba 2019, duk ɗanyen tsiron da zai shiga Tarayyar Turai sai da shaidar lafiya daga ƙasarsa, ko da a aljihun matafiyi yake. A Nijar, hukumar kare tsirrai ta ma'aikatar noma, wato DGPV mai cibiya a Yamai, ita ke bayar da ita. Ƴaƴan itace biyar kaɗai aka ɗauke wa wannan nauyi: abarba, ayaba, kwakwa, dabino da duriyan na ƙasashen Asiya. Dabinon Bilma ke nan yana wucewa da girmansa, mangwaron Maradi kuwa sai ya nuna takarda.

Na biyu shi ne baƙin da ke laɓe a jikin ciyawar. Ƙasar da ta manne wa saiwa haramun ce a bakin iyaka, kuma masu bincike na duba ganye suna neman ƙwari da ƙwan dodon koɗi. Suna da hujja: a 2009 wani dodon koɗi ɗan asalin Amurka ta Kudu ya bayyana a gonakin shinkafa na bakin kogin Ebro a Sifen, ya yi ɓarna, har aka hana shigo da irinsa a 2012.

Na uku ya fi tsauri. Daga 2 ga Agusta 2024 kainuwa kanta ta shiga jerin tsirran da aka haramta shigowa da su, sayarwa ko ajiyewa. Kainuwa dashen Allah ce, ba ta jiran mai shuka. Tana rufe fuskar ruwa, ta hana haske da iska, kifi ya mutu. Masunta a Yamai sun ga irin wannan ta'adi daga ciyawar nan mai shuɗin fure da ta mamaye kogin Isa, wadda Turai ta hana tun 2016.

Ƙunshin da aka kama, lalata shi ake yi, kuɗin aike kuma ya bi ruwa. Kilishi ma ba ya tsira, domin an hana matafiyi shiga da nama. Saboda haka samari su bar wa tabki kainuwarsa, a cika jakar da dabino.

A gaida Inna da yara.

Ɗanku na Marsey.